Ciwon da Ya Zo da Tabarmarsa

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, ina so in ba ku labarin baffana da ciwon da ya same shi, da kuma abin da ni kaina na aikata cikin sha'anin, wanda har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Na daɗe ina shawara da zuciyata, in rubuta ko in bari. Abin da ya rinjaye ni shi ne, na san da wuya a sami ɗaya daga cikinku wanda ba a taɓa miƙo masa kwalin magani a gida an ce, "Kai da ka ke boko, karanta mana wannan" ba. To, ran da aka miƙo maka kwalin nan an aza maka kaya, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Mu mutanen Maigatari ne, cikin ƙasar Gumel, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Ko wanda bai taɓa taka garinmu ba ya ji labarin kasuwarmu da ke ci ran Alhamis, inda a kan koro shanu da raƙuma da tumaki daga wajen Damagaram har da abin da ya yi gaba, fatake kuwa su zo daga Kano da ƙasashen kudu su saya su loda a manyan motoci. Baffana dillali ne a karar shanu. Shi ya riƙe ni tun ina shekara biyar, bayan rasuwar mahaifina, saboda haka ban san wani uba ba sai shi. Mutum ne dogo, kakkaura, mai murya, wanda in ya kama hannun mai saye da na mai sayarwa ba ya saki sai an sallama. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya kwana biyu a kwance ba.

Cikin shekarar 1433 ta Hijira, watau 2012, ina ajin farko na sakandare, sai muka ga Baffa ya fara wani irin ƙishirwa. Ya kan shanye buta guda ya nemi ƙari. Da dare ya tashi fitsari sau biyar, sau shida. Ci kuwa ya ke yi kamar da, har ya fi, amma ga shi yana ramewa, rigunansa suna yi masa yawa. Inna, matarsa, ita ta fara lura da kiyashi suna taruwa inda ya yi fitsari, ta kasa faɗa wa kowa don kunya, sai daga baya. Masu zuwa gaisuwa kowa da tasa fassara. Wani ya ce shawara ce, wani ya ce basir ne ya hau sama, wani abokin sana'arsa kuwa ya ja shi gefe ya ce sammu ne, gama dillalin da kasuwa ke yi da shi ba ya rasa maƙiya. Aka sha saiwoyi, aka sha rubutu, wata uku ba sauƙi. Sa'an nan aka tafi asibitin Gumel, aka tafi da ni don in riƙa karanta takardu.

Aka huda masa yatsa, aka ɗiga jinin a kan wani ɗan tsinke da aka soka a na'ura. Likita ya ce in mutum ya kwana bai ci kome ba, aka auna aka sami 126 ko fiye, aka sake aunawa wata rana aka kuma samun haka, to, yana da ciwon sukari. Na Baffa ya haura 300. Likita ya rubuta ƙwayoyi, ya jera abubuwan da za a rage ci. Baffa ya saurara sarai, kana ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kwana nawa zan yi ina sha kafin in warke?" Likita ya ajiye alƙalami ya ce, "Alhaji, wannan ba irin ciwon da a ke gamawa da shi ba ne. Zama za ku yi tare. In ka kula da shi ya bar ka ka yi harkarka, in ka sake masa ya ci ka." Baffa ya yi godiya muka fito. Ba mu kai bakin ƙofa ba ya dube ni ya ce, "Yaron nan bai ƙware ba tukuna. Wane irin magani ne ba ya kashe cuta?"

Na yi shekaru ina juya wannan magana ta Baffa, na kuwa gane ba wauta ce ta sa shi faɗinta ba, harshenmu ne ya koya masa. Ku duba yadda mu ke amfani da kalmar nan magani. In Bahaushe ya ce, "Na yi maganinsa," nufinsa ya gama da shi, ba sauran magana. Cututtukan da muka saba da su kuma duk baƙi ne masu sallama. Masassarar cizon sauro ta zo, a sha magani kwana uku ta tafi. Ƙyanda ta zo, ko ta tafi ko ta tafi da yaron. Amma ciwon da zai shigo gida ya shimfiɗa tabarmarsa, ya ce shi da mai gida sai kabari, ba mu yi masa wuri cikin tunaninmu ba. Saboda haka duk maganin da aka ce a sha har iyakar rai, a kunnen mutanenmu magani ne wanda ya kāsa.

Bari in ɗan bayyana muku yadda ciwon ya ke, don abin da ke tafe ya fito fili. Duk abin da muka ci na hatsi, ko tuwon gero, ko shinkafa, ko fura, ciki ya kan narka shi ya zama sukari ya shiga jini. Sukarin nan shi ne itacen da jiki ke hura wutarsa da shi. Amma ba ya iya shiga cikin tsoka sai da wani sinadari da a ke kira insulin, wanda wata 'yar tsoka da ke kwance bayan tumbi ke yi. In insulin ya yi ƙaranci, ko kuwa jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru cikin jini, tsoka tana yunwa ga abinci a ƙofa. Ƙoda ta yi ta ƙoƙarin zubar da shi cikin fitsari, ta ja ruwa tare da shi. Ga asalin ƙishirwa, ga asalin rama, ga kuma abin da ya kira kiyashi. Likitocin ƙasar Hindu na zamanin da sun lura da wannan tun tuni, har suka sa wa ciwon suna fitsarin zuma. Ba shan sukari kaɗai ke kawo shi ba, akwai gado, akwai ƙiba, akwai shekaru. Mugun abin da ke cikinsa kuwa shi ne, sukarin da ya yi yawa yana cin ƙananan jijiyoyin jini na ido da na ƙoda da na ƙafa a hankali, shekara da shekaru, mutum bai ji zafin kome ba.

Likita ya ba ni aiki. Ya ce in sami littafin rubutu in ja layi, kowace rana in Baffa ya sha ƙwayar safe in yi alama, in ya sha ta dare in yi alama, in zo da littafin duk ran da aka sa mana. Na ji daɗin wannan ƙwarai, na ga kamar ni ma na zama ƙaramin likita. Wata uku muna bin ƙa'ida. Ƙishirwa ta tafi, barci ya dawo, jiki ya murmure, murya ta koma kara. A nan ne kuwa wahalar ta fara. Mai ciwon da ke jin zafi ba ya bukatar a tuna masa da magani. Wanda ya ji garau shi ne abin tsoro. Baffa ya fara cewa, "Bari sai na dawo," ya fara cewa, "Yau na manta," daga nan ya ce, "Kai, ɗana, ai na warke. Mai lafiya ke shan magani?"

Ana nan sai wata Alhamis wani mai magani ya kafa motarsa kusa da kara, da lasifika a bisa. Bakinsa kamar ana zuba gero a faranti. Ya ce yana da kwalba uku, wanda ya shanye su ya rabu da ciwon sukari har abada, ya koma shan shayinsa. Ku lura, abin da likita ya ƙi faɗa wa Baffa shi ne mutumin nan ya faɗa masa, watau ranar gamawa. Baffa ya sayo, ya miƙo mini ya ce, "Malam ƙarami, duba mana." Na juya kwalba, na ga Turanci, na ga lamba, na ga hoton ganye. Na ce, "Baffa, mai kyau ne, har da lambar hukuma." Ban karanta ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa ba. Sai bayan shekara biyu na san cewa a jikin irin waɗannan magungunan gargajiya, ko da na masu rajista ta gaskiya ne, a kan rubuta cewa Hukumar NAFDAC ba ta tabbatar da abin da mai maganin ya ce yana warkarwa ba. Turancin yana nan a gabana, na karanta manyan baƙaƙe na tsallake ƙanana.

Wannan kuskure ne, ana iya yafe wa yaro. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne. Inna ba ta yarda an daina zuwa asibiti ba, saboda haka muka ci gaba da zuwa jefi-jefi. In ranar ta matso, Baffa ya kan koma shan ƙwayoyi kwana uku, ya bar shayi, don kada a yi masa faɗa. Ni kuwa daren da za mu tafi sai in kunna fitila in cika littafi da alamu, har ina sauya alƙalami don kada a gane rana ɗaya aka yi su. Ba wanda ya sa ni. Na dai ga ba zan iya tsayawa gaban baƙo in ce mutumin da ya riƙe ni ba ya jin magana ba. Aka auna jini aka ga ya ɗan hau, aka duba littafi aka ga ba giɓi, aka ce a ƙara kula da abinci. Muka dawo gida Baffa yana yaba hankalina.

Da kakar 2014 wata ƙayar aduwa ta huda takalminsa ta shige tafin ƙafa. Ya wuni a kara yana kai da kawowa bai sani ba, sai da ya zo alwalar magariba ya ga jini. Jijiyoyin da ke kai labarin zafi sun riga sun mutu. Da ni ne na taka ƙayar nan da na yi tsalle na cire ta nan take, gama zafi bawan Allah ne mai tsaron ƙofa, mu ne ba mu san darajarsa ba. Aka wanke, aka ɗaure, aka ce abu kaɗan ne. Mako biyu ƙafa ta kumbura, yatsu biyu suka yi baƙi, ɗaki ya ɗauki wari. Aka ce sai Kano. Daga Gumel zuwa Kano wajen kilomita 120 ne, ga kuma tafiyar Maigatari zuwa Gumel a kai. Muka yi kwana 40 a can, aka yanke yatsun nan biyu, aka ce mu gode Allah da abin bai kai gwiwa ba. Bijimai biyu da Baffa ke turke da su suka tafi, gonarsa ta hanyar Sule Tankarkar ta shiga jingina.

Likitar da ta duba shi a Kano mace ce, ba ta da yawan magana. Ta karɓi littafina ta buɗe shafi-shafi, kana ta sa aka yi wani awo wanda ban taɓa jin labarinsa ba. Ashe sukari ya kan manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa ƙwayoyin nan su kan yi wajen kwana 120 kafin su mutu. Saboda haka in aka auna su a kan san yadda sukarin mutum ya kasance cikin wata biyu ko uku da suka wuce, ba na ranar kaɗai ba. Dabarar kwana uku ba ta cin wannan awo. Da sakamako ya fito ta kira ni waje, inda Baffa ba ya ji. Ta ce, "Ƙanena, littafinka ya faɗi magana, jinin babanka ya faɗi wata. Wa zan gaskata?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Na san abin da ya sa ka yi. Amma da ka bar giɓin nan yadda ya ke, da wanda ya duba shi ya san inda zai kama." Ba ta ƙara ba, ta miƙo mini littafin. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A lokacin na ɗauka wannan hali namu ne kaɗai, na mutanen karkara da ba su yi karatu ba. Daga baya na ga ba haka ba ne. A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, cikin masu ciwon da ke daɗewa wajen rabi ne kaɗai ke shan magani yadda aka ce su sha. Ita hukumar ta ce masu ciwon sukari a duniya sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, fiye da rabinsu kuwa ba su shan magani. Ashe Bature ma in ya ji sauƙi ya kan manta da kwalba. Bambancinmu da shi, shi mantuwa ce kaɗai ke damunsa, mu kuwa ga mantuwa, ga nisa, ga rashin kuɗi.

Muna kwance a Kano wata rana Baffa ya ce mini, "Kuturu ma yanzu a kan ba shi magani a sallame shi. Ni me na yi?" Gaskiya ya faɗa, amma bai san tsawon hanyar da aka bi kafin a kai nan ba. Zamanin kakanninmu kuturta ita ce sarauniyar cututtuka masu zama. Wajen ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi riƙon zangunan kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Maganin da a ke da shi a sa'an nan wani mai ne na 'ya'yan itacen ƙasar Hindu, a yi ta soka wa mutum shi shekara da shekaru, ga zafi, ga ƙarancin amfani. Wajen 1950 ƙwayar dafson ta bazu, ita ma sai a sha shekaru, waɗansu har iyakar rai. Sai a 1981 aka tsayar da haɗa magani uku, wanda yanzu a ke sha wata 6 ko wata 12 a warke, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da shi. Tarin fuka ma haka, wata 6 ne, kyauta. Duk da haka ma'aikatan lafiya suna fama da masu gudu a wata na biyu da zarar tari ya lafa. To, in mai wata 6 ya gaji, ina ga wanda ba a yanka masa rana ba?

Aka sallamo mu da allurar insulin, gama ƙwayoyi kaɗai sun daina riƙe shi. Wannan allura a 1921 aka gano ta, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a hannun Banting da Best da abokan aikinsu. Wanda aka fara yi wa ita a Janairun 1922 yaro ne sa'an waɗansunku. Kafin nan yaron da irin ciwon nan mai tsanani ya kama ba ya daɗewa. Amma waɗanda suka gano ta mutanen ƙasar sanyi ne, ita kuwa ba ta son zafi. Takardar da ke cikin kwali ta ce a ajiye ta a firiji. Mu ba mu da firiji, maƙwabcin da ke da shi kuwa ba kullum ya ke da wuta ba. Zafin bazara a Maigatari ya kan wuce digiri 40.

Inna ce ta fid da mu. Ta samo tukunya babba da ƙarama, ta sa ƙaramar cikin babbar, ta cika tsakaninsu da yashi, ta jiƙa shi, ta rufe da tsumma mai laima ta ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi daga ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Wannan dabara wani malami ne da ya koyar a Dutse, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa ta cikin ƙauyukan Jigawa don ajiye tumatir da yalo, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Inna a wurin masu kayan miya ta gani. Muka naɗe kwalbar cikin leda muka sa ciki. Na yi shekaru ina fargabar ko muna yi wa Baffa allurar ruwa ne, sai a 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da wata jami'a ta ƙasar Suwizalan suka auna zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, wanda ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka gwada insulin cikin irin wannan zafi, suka ga kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu. Ran da na karanta wa Inna wannan sai ta ce, "Su sai yanzu suka sani?"

Sha'anin abinci ya fi na allura wuya, ko da ya ke ba wanda zai zaci haka. Likita ya ce a rage tuwo, a yawaita wake da zogale da rama da kuɓewa, a bar lemon kwalba. Faɗa da baki ba wuya. Amma mu a akushi ɗaya mu ke ci, mai gida kuma in aka ware masa ƙwarya dabam sai ya ga kamar an mai da shi majinyaci a gidansa. A kara kuwa in an ƙulla ciniki a kan kawo shayi, dillalin da ya ƙi karɓa kamar ya ce bai yarda da cinikin ba ne. Baffa ya yi shekara yana ɓoye ciwonsa ga abokan sana'a, gama yana tsoron in aka ji ba shi da lafiya masu shanu za su koma wurin wani. Sai ya karɓi kofi ya kurɓa, ya dawo gida mu auna mu ga abin da kurɓar nan ta yi.

Ranar da ta fi ba ni tsoro cikin azumin 2018 ta zo, wanda ya kama cikin watan Mayu, ana tsakiyar zafi. An gaya wa Baffa kada ya yi azumi sai an sake tsara masa allura, ya ce shi bai taɓa shan azumi ba tun da ya balaga, ba kuwa zai fara da furfura ba. Ya yi allurarsa da sahur kamar kullum. Wajen la'asar sai gumi ya karyo masa, hannu na rawa, yana magana ba kan gado, ya zube a zaure. Mutane suka taru, wani na cewa iska ce, wani na neman tazargade. Na tuna abin da likitar Kano ta koya mini, na auna na ga sukari ya faɗi ƙasa ƙwarai. Da ya ke yana iya haɗiya, na dama sukari cikin ruwa na kai bakinsa. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Kai, yaro, mai ciwon sukari za ka ba sukari, cikin azumi kuma? Kashe shi za ka yi?" Ran nan na yi abin da na kāsa yi shekarun baya. Na ce, "Baba, ka gafarce ni, sake mini hannu." Kafin rubu'in sa'a Baffa ya buɗe ido yana tambaya me ya tara mutane. Washegari limamin unguwarmu ya zo da kansa ya zauna da shi, ya nuna masa cewa shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, wanda ciwonsa ba a sa ran warkewarsa kuwa ciyarwa ce a kansa. Abin da likitoci biyu suka kāsa, Malam ya gama shi kafin shayi ya huce. Na sha yin tunani, da tun farko an haɗa likita da liman a ɗaki ɗaya da an rage mana wahala.

Saura maganar kuɗi, ita ce kuwa ba ta da liman. Ciwo mai zama kowane wata sai ya karɓi harajinsa, kuɗin allura, da sirinji, da tsinken awo wanda ba a amfani da shi sau biyu, da kuɗin mota. Samun dillali kuwa yana bin kasuwa. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai ran 16 ga Disamba 2020. Kara ta yi sanyi, la'ada ta ƙafe. A 2023 aka janye tallafin man fetur a watan Mayu, darajar naira ta faɗi, aka yi juyin mulki a Nijar a watan Yuli aka sake rufe iyaka, kuɗin magani kuwa ya ninka. Cikin waɗannan shekaru na kama Baffa yana rage awon allura don kwalba ta kai ƙarshen wata. Wannan karon ba gardama ce ta sa shi ba, ya riga ya san ciwonsa sarai, har ya kan tuɓe takalmi kowane dare ya duba tafin ƙafarsa da madubi. Lissafi ya yi, ga buhun gero, ga kwalbar insulin, ga yara tara. Na rubuta a littafi yadda abin ya ke, rabin awo rabin awo, na kai wa likita haka nan. Ya duba ya yi shiru, sa'an nan ya sake tsara maganin yadda aljihunmu zai iya ɗauka.

Yanzu ina aiki, ni ke sayen allurar. Littafin yana hannun ƙaramar 'yar Baffa, wadda ke aji biyar na firamare, shi ne na goma sha ɗaya tun daga wancan na farko. Na gaya mata in bai yi allura ba ta bar wurin fari, ko ya yi mata faɗa. Idonsa na hagu ya fara hazo, an ce sai an duba shi a Kano bayan girbi. Gonar hanyar Sule Tankarkar ba mu fanso ta ba tukuna.

Alhamis ɗin da ta wuce na raka shi kara. Muna zaune sai ga wata mota da lasifika, wani saurayi yana shelar kwalba uku. Mutane suka yi caa a kanta. Baffa ya daɗe yana kallo, hannunsa a kan sandarsa, kana ya juyo ya ce, "Ɗana, ku da ku ke karanta labarin duniya, har yanzu Turawan nan ba su samo wanda a ke sha a gama ba?" Na ce, "Tukuna, Baffa." Ya ce, "To. Kwalbar gida saura ta kwana nawa?" Na ce ta kwana shida. Ya miƙe ya nufi wajen wani Buzu da ya shigo da bijimai huɗu.